Mene ne amfanin rufe masu bincike a gidan kwaikwayon duniyar Mars?

Tambaya: Na ga labarin wasu mutane huɗu da NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, ta rufe a cikin wani gida a birnin Houston har tsawon kwana 378, aka ce wai suna kwaikwayon zaman duniyar Mars. Ni dai abin ya fi mini kama da wasan kwaikwayo, tunda suna nan a doron ƙasa, kuma da sun ƙwanƙwasa ƙofa za a buɗe musu. Su wane ne ke shiga irin wannan aiki, kuma wane ilimi ake samu daga gare shi?

Amsa: Malam, shakkar da ka nuna tana da tushe, kuma masu wannan bincike su ne na farko da za su yarda da rabinta. Babu ginin da zai iya zama Mars a doron ƙasa. Ƙarfin da ke jan jiki zuwa ƙasa a can kashi 38 cikin 100 ne kawai na wanda muka saba da shi, kuma babu na'urar da za ta rage wannan ƙarfi a cikin ɗaki na tsawon watanni. Iskar Mars siririya ce ƙwarai, matsinta bai kai kashi 1 cikin 100 na tamu ba, kusan dukkanta kuma kabon dayoksaid ce, saboda haka wanda rigarsa ta 'yan sama jannati ta yage a can yana bakin mutuwa, alhali wanda rigarsa ta yage a Houston gyara kawai zai nema. Haskoki masu illa da ke ratsa sararin samaniya su ma ba a kwaikwayonsu, domin babu kwamitin ɗa'ar bincike da zai yarda a haska su ga lafiyayyen mutum da gangan. To amma akwai abubuwan da ba sa buƙatar kwaikwayo, domin na gaske ne a duk inda aka yi su. Kwana 378 a cikin bango huɗu kwana 378 ne, ko a Texas ko a Mars. Abincin leda da mutum ya ci har ya gundure shi, da ruwan wanka da aka auna masa, da fuskoki uku da zai riƙa gani safe da yamma babu canji, duk waɗannan suna aiki a jikin mutum da zuciyarsa da gaske. Su ne abin da ake aunawa, kuma duk wanda ya nemi wani abu da ya wuce su a waɗannan gidaje ya nemi abin da ba a ajiye ba.

Dalilin da ya sa ake buƙatar wannan awo shi ne tafiyar da ake shiryawa ba ta da irinta a tarihi. Zuwa Mars da kumbunan da ake da su yana cin wata shida zuwa tara, sannan dole a jira duniyoyin biyu su sake daidaita kafin a juyo, ta yadda tafiyar gaba ɗaya za ta kai shekara biyu da rabi zuwa uku. Mutumin da ya fi kowa daɗewa a sararin samaniya a tafiya guda shi ne likitan nan ɗan Rasha, Valeri Polyakov, wanda ya yi kwana 437 a tashar Mir daga 1994 zuwa 1995. Ita kuwa tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa da ake amfani da ita yanzu, nisanta da mu kimanin kilomita 400 ne kacal. Wanda ke cikinta yana magana da iyalinsa kai tsaye, kumbon kaya yana kawo masa 'ya'yan itatuwa lokaci zuwa lokaci, kuma idan rashin lafiya ta yi tsanani ana iya sauko da shi cikin sa'o'i. Mai tafiya Mars ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma gwada rashinsu a ƙasa ya fi araha nesa ba kusa ba, ga shi ana iya maimaita gwajin a canza abu guda a ga bambanci.

Gidan da ka gani a labarai ana kiransa Mars Dune Alpha, yana cikin Cibiyar Johnson ta NASA, kuma kamfanin ICON ne ya gina shi da na'urar da ke zuba kankare layi bisa layi. Faɗinsa murabba'in mita 158 ne, da ƙananan ɗakunan kwana huɗu, da wurin girki, da wurin motsa jiki, da kusurwar jinya, da inda ake shuka ganye da tumatir da barkono. A gefensa akwai wani fili da aka cika da jan yashi, inda ma'aikatan ke shiga sanye da rigunan kwaikwayo su tattara duwatsu, wani lokacin kuma su yi doguwar tafiya a kan injin tattaki da tabarau na kwamfuta a fuskarsu wanda ke nuna musu filin Mars. Kelly Haston ce ta shugabanci tawagar, tare da injiniya Ross Brockwell, da likitan gaggawa Nathan Jones, da masaniyar ƙananan halittu Anca Selariu. Sun shiga ranar 25 ga Yunin 2023, suka fito ranar 6 ga Yulin 2024. Jan yashin shi ne ya fi ɗaukar hankalin masu ɗaukar hoto, amma babbar tambayar shirin tana cikin kabad ɗin abinci, kuma ba banza ba ne wadda ke jagorantar binciken, Grace Douglas, ta kasance masaniyar kimiyyar abinci. Abincin tafiyar Mars sai ya iya zama kimanin shekara biyar ba tare da firiji ba, domin za a aika da wani sashensa tun kafin mutanen su tashi, kuma an san cewa sinadarai irin su bitamin C da B1 suna raguwa a cikin leda yayin da take ajiye. An kuma san cewa idan abinci ya gunduri mutum yakan rage ci ba tare da ya lura ba, ya rame, ƙarfinsa ya ragu. Abin da ake son sani shi ne yadda wannan ke taɓa garkuwar jiki da kaifin tunani bayan wata goma, a lokacin da aiki ya yi yawa kuma ruwa ya yi ƙaranci. Amsar wannan tambaya ita ce za ta nuna tan nawa na kaya za a ɗora wa roka, kuma kowane kilo a wannan tafiya kuɗi ne mai yawa.

Abu na biyu da ake kwaikwaya da kyau shi ne jinkirin sadarwa, kuma a ganina shi ne mafi muhimmanci duk da cewa ba ya fitowa a hoto. Saƙon rediyo yana tafiya ne da saurin haske, amma nisan Mars da mu yana canzawa daga kimanin kilomita miliyan 56 zuwa kimanin miliyan 400, saboda haka saƙo yana ɗaukar minti 3 zuwa 22 kafin ya isa. Wanda ya yi tambaya a lokacin da nisan ya kai ƙarshe zai jira minti 44 kafin ya ji amsa, wannan ma idan an amsa masa nan take. Ƙari a kan haka, duk bayan kimanin wata 26 rana takan shiga tsakanin duniyoyin biyu, a dakatar da aika umarni na kusan mako biyu. Tun farkon tafiye-tafiyen sararin samaniya an gina tsarin aiki ne a kan cewa ɗakin kula da ke ƙasa yana ganin kome kuma yana faɗin abin da za a yi daƙiƙa bayan daƙiƙa. Jinkirin minti 22 yana rusa wannan tsari daga tushe. Idan famfon ruwa ya lalace, ko wani ya faɗi ya karye, tawagar ce za ta yanke shawara, na ƙasa kuma su zama masu ba da shawarar da ke zuwa bayan an gama. A gidan kwaikwayo kwamfuta ce ke riƙe kowane saƙo har mintocin su cika, babu kiran waya, babu hira ta bidiyo, kuma wannan ya shafi har saƙon miji ko 'ya'ya.

Abin da jinkirin ke haifarwa tsakanin na ciki da na waje an auna shi da kyau a gwajin Mars-500, wanda Cibiyar Nazarin Matsalolin Lafiya da Halittu ta Mosko ta gudanar tare da hukumar sararin samaniya ta Turai da kuma ƙasar Sin. Maza shida ne suka shiga ranar 3 ga Yunin 2010 suka fito ranar 4 ga Nuwamban 2011, wato kwana 520: 'yan Rasha uku, da Romain Charles daga Faransa, da Diego Urbina daga Italiya, da Wang Yue daga Sin. Masu binciken da suka bi diddiginsu, ƙarƙashin Mathias Basner da David Dinges na Jami'ar Pennsylvania, sun gano cewa saɓanin da ma'aikatan suka ba da rahotonsa da ɗakin kula ya ninka wanda ke tsakaninsu sau biyar. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura da wannan a tashoshin sararin samaniya: mutumin da ba zai iya yin faɗa da abokin da zai kwana kusa da shi gobe ba yakan sauke fushinsa a kan muryar da ke zuwa daga nesa. Wannan yana kare zaman lafiyar cikin gida, amma yana da haɗari idan ya kai ga tawaga ta fara ɓoye wa na ƙasa labari ko ta yi watsi da gargaɗinsu.

Sakamakon barci a wannan gwaji ya fi ba ni sha'awa, domin ya nuna yadda matsakaicin lissafi ke ɓoye gaskiya. Kowane ɗaya daga cikin shidan yana sanye da wata na'ura mai kama da agogon hannu wadda ke rubuta motsinsa da hasken da ke kewaye da shi dare da rana. Idan aka haɗa su gaba ɗaya, abin da aka gani shi ne motsinsu yana raguwa wata bayan wata, barci da hutawa suna ƙaruwa, har sai da ya rage kimanin kwana 20 a buɗe ƙofa sannan suka farfaɗo. Amma da aka duba su ɗaya bayan ɗaya sai aka ga huɗu daga cikinsu suna da matsala, kuma kowa da irin tasa. Ɗaya agogon jikinsa ya zame ya koma yini mai kusan awa 25, ta yadda a kusan kashi 20 cikin 100 na zaman yana barci sauran suna farke, ko yana farke suna barci. Wani kuma barcinsa ya yi ta raguwa, kuma shi ne ya yi mafi yawan kurakurai a gwajin saurin maida martani da ake yi musu a kwamfuta. Waɗannan mutane ne da aka tace daga cikin dubban masu nema, aka tabbatar da lafiyarsu, amma gwajin zaɓe bai hango wanda zai shiga wannan hali ba. Daga irin wannan sakamako ne aka ƙara ba da muhimmanci ga tsara fitilun cikin kumbo su riƙa canza launi da ƙarfi kamar yadda hasken rana ke yi, da kuma tsayar da lokacin cin abinci da motsa jiki.

Akwai kuma ribar da ba ta shafi Mars ba ko kaɗan. Likitan ƙoda ɗan Jamus Jens Titze ya lura cewa samun mutanen da za a auna duk abin da suka ci da duk fitsarin da suka yi na tsawon watanni dama ce da ba a samu a asibiti. Sai aka tsara abincin Mars-500 ta yadda gishirin da suke ci a rana ya sauka daga giram 12 zuwa 9 zuwa 6. Hawan jininsu ya sauka da raguwar gishirin, kamar yadda aka zata, amma an ga abin da ba a zata ba: ko da gishirin da ake ci bai canza ba, wanda jiki ke fitarwa yana hawa da sauka a zagaye na kusan mako guda, abin da ke nufin jiki yana ajiye gishiri yana sakinsa bisa nasa tsarin. Wannan ya jefa shakka a kan dogaro da fitsarin yini ɗaya wajen ƙiyasta gishirin da majiyyaci ke ci.

Game da su wane ne ke shiga, sharuɗɗan da NASA ta sanar don gidan Houston sun ba da hoto mai kyau: ɗan ƙasar Amurka ko mai izinin zama na dindindin, mai shekara 30 zuwa 55, wanda ba ya shan taba, mai digiri na biyu a kimiyya ko injiniyanci ko lissafi tare da ƙwarewar aiki ta shekara biyu, ko kuma matuƙin jirgin sama mai awa 1,000 na tuƙi. Manufar ita ce a samu mutanen da suka yi kama da 'yan sama jannati a shekaru da ilimi da ɗabi'a, domin abin da aka auna a jikin ɗalibi ɗan shekara 20 ba lallai ne ya dace da injiniya ɗan shekara 45 ba. Tawagar da ta yi shekara guda a gidan HI-SEAS, wani ƙubba mai faɗin mita 11 da ke kan dutsen Mauna Loa a Hawaii, daga Agustan 2015 zuwa Agustan 2016, ta ƙunshi masaniyar ƙasar noma Carmel Johnston a matsayin shugaba, da masaniyar fiziya Christiane Heinicke daga Jamus, da masanin halittu Cyprien Verseux daga Faransa, da likita, da injiniya, da mai zanen gine-gine. Kowannensu yana da minti takwas na wanka a mako, kuma wutarsu daga hasken rana take, ta yadda ranar da hadari ya rufe sama sai a rage girki a jure sanyi.

Matsayin waɗannan mutane yana da sarƙaƙiya, domin masu bincike ne kuma su ne abin binciken. Heinicke, alal misali, ta yi nata gwajin na tatso ruwa daga busasshiyar ƙasar dutsen ta hanyar amfani da zafin rana, amma babban aikin da Jami'ar Hawaii ta sa a gaba, ƙarƙashin Kim Binsted, shi ne nazarin yadda haɗin kan tawagar ke ƙaruwa ko raguwa. Ranar irin wannan ma'aikaci cike take da abin da ba ya burgewa: ya tofa miyau a ƙaramar kwalba don a auna sinadarin damuwa, ya cike takardar tambayoyi iri ɗaya da ta jiya game da wanda ya ɓata masa rai da wanda ya taimake shi, ya rataya wata na'ura a wuya wadda ke rubuta wanda ya tsaya kusa da shi da yadda muryarsa ta ɗaga, sannan ya je ya gyara banɗakin da ya toshe. Wanda ya shiga don ya ji kansa jarumi yakan sha wahala a nan. Halin da masu zaɓe suka fi nema shi ne na mutum mai sanyin rai, wanda ƙaramin abu ke isarsa nishaɗi, mai tsabta, mai iya faɗin abin da ke damunsa tun bai girma ba, kuma mai iya karɓar umarni yau ya ba da umarni gobe.

An koyi muhimmancin wannan da tsada. A wani gwaji da aka yi a Mosko daga 1999 zuwa 2000, an haɗa tawagar 'yan Rasha da wata tawaga mai ɗan Japan da ɗan Ostiriya da wata mai bincike daga Kanada, Judith Lapierre. A bikin sabuwar shekara biyu daga cikin 'yan Rashan suka dambace har jini ya zuba, wani kuma ya sumbaci Lapierre da ƙarfi ba da yardarta ba. Aka rufe ƙofar da ke tsakanin ɓangarorin biyu, ɗan Japan ɗin kuma ya fice kafin wa'adi. Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa, kuma babu mai tsammanin tawagar da ba ta saɓani, amma abin da ya faru a nan ya wuce saɓani: ya nuna abin da ke biyo baya idan ba a yi yarjejeniya a fili kan iyakokin mu'amala ba, kuma masu kula suka ɗauki ƙorafi a matsayin bambancin al'ada kawai.

Wani reshe na wannan aiki ya fi damuwa da iska da ruwa da abinci fiye da halin mutane. Tarayyar Sobiyet ta fara shi da wuri, inda a ginin BIOS-3 da ke Krasnoyarsk a Siberiya mutum uku suka yi kwana 180 daga 1972 zuwa 1973 suna shaƙar iskar da tsirrai ke sabuntawa. Mafi shahara shi ne Biosphere 2 a jihar Arizona, ginin gilashi mai faɗin hekta 1.27, inda maza huɗu da mata huɗu suka zauna daga Satumban 1991 zuwa Satumban 1993. Cikin wata 16 iskar oksijin ta faɗi daga kashi 20.9 zuwa kusan kashi 14 cikin 100, kwatankwacin abin da mutum ke samu a kan dutse mai tsayin mita 4,000, har mazauna suka riƙa haki suna farkawa cikin dare, dole aka tura musu oksijin daga waje a farkon 1993. Abin da ya rikita kowa shi ne, idan ƙananan halittun cikin ƙasar noman ne ke cinye oksijin, ya kamata a ga kabon dayoksaid ya ƙaru daidai gwargwado, amma ba a gani ba. Daga baya aka gano cewa kankaren ginin ne ke shanye shi yana mayar da shi sinadarin alli. Jaridu sun kira wannan gazawa, ni kuwa ina ganin yana cikin sakamako mafi daraja da fannin ya samar, domin ya nuna cewa a rufaffen gida bango da kansa yana cikin lissafin numfashi. Sinawa sun bi hanyar da ta fi ƙanƙanta kuma ta fi sauƙin sarrafawa. A Yuegong-1 na Jami'ar Beihang da ke Beijing, ƙarƙashin Farfesa Liu Hong, rukuni biyu na ɗalibai huɗu-huɗu sun yi karɓa-karɓa na kwana 370 daga Mayun 2017 zuwa Mayun 2018, suna noma alkama da dankali da ganyaye, suna kiwon wata tsutsa da ke cin ragowar tsirrai su kuma su ci ta don samun furotin, kuma masu aikin sun ce an sake sarrafa kimanin kashi 98 cikin 100 na abin da ke cikin gidan. Kwana biyar na ƙarshe ƙari ne da aka yi musu ba zato, don a ga yadda za su ɗauki jinkirin fitowa.

Yanzu sai batun ƙofa, wanda shi ne ƙashin bayan tambayarka. Gaskiya ne ana iya buɗe ta, kuma dole ne ta kasance haka, domin ƙa'idar bincike a kan ɗan Adam ta ba kowa 'yancin janyewa a duk lokacin da ya so. An ga hakan a Fabrairun 2018, lokacin da zama na shida na HI-SEAS, wanda aka tsara zai yi wata takwas, ya ƙare a rana ta huɗu bayan wutar lantarki ta ja ɗaya daga cikin ma'aikatan, aka kira motar asibiti, sannan wata ma'aikaciya ta janye. Babu shakka sanin cewa asibiti yana kusa yana canza yadda zuciya ke ɗaukar kaɗaici. Saboda wannan ne masu bincike ke zuwa wuraren da ƙofar ba ta buɗuwa ko da an so. Tashar Concordia ta Faransa da Italiya a Antatika tana kan tudun ƙanƙara mai tsayin sama da mita 3,200, sanyi yana kaiwa digiri 80 ƙasa da sifili, rana ba ta fitowa na fiye da wata uku, kuma daga Fabrairu zuwa Nuwamba babu jirgin da ke sauka. Mutum goma sha 'yan kai ne ke yin hunturu a can, cikinsu har da likitan da hukumar sararin samaniya ta Turai ke turawa duk shekara don ya yi nazarin sauran. Maƙwabtansu mafi kusa suna nisan kusan kilomita 600, wato sun fi 'yan tashar sararin samaniya nisa da jama'a. A tashar Neumayer III ta Jamus da ke Antatika kuma, hoton ƙwaƙwalwar mutanen da suka yi wata 14 ya nuna wani sashe mai alaƙa da tunawa da gane hanya ya ragu da kimanin kashi 7 cikin 100, kamar yadda aka wallafa a 2019. Haka ma gidan Aquarius da ke ƙarƙashin teku a gabar Florida, mai zurfin kimanin mita 19, inda NASA ta fara tura tawagogi tun 2001 kuma 'yan sama jannati irin su Chris Hadfield da Samantha Cristoforetti suka shugabanci zama: wanda ya kwana a can jininsa ya cika da iskar naitirojin, kuma ba zai iya haurowa sama ba sai an rage masa matsi a hankali na sama da awa 15. Sai dai waɗannan wurare suna da nasu naƙasu, domin mai bincike ba shi da iko a kan abin da ke faruwa yadda yake da shi a Houston ko Mosko.

Rashin nauyin da jiki ke fuskanta a sararin samaniya kuwa ana bin sa ta wata hanya dabam. A cibiyar :envihab da ke Kolon a Jamus, masu sa kai suna kwanciya kwana 60 a gadon da aka karkatar da kansa ƙasa da digiri 6, a nan za su ci, su yi wanka, su yi bahaya, ba tare da sun tashi zaune ba. Ruwan jiki yana taruwa wajen kai, ƙashi da tsoka suna raguwa, kusan yadda ake gani a sararin samaniya.

Inda zan ƙara goyon bayan shakkarka shi ne kan gajerun zama da suka yawaita a shekarun nan. Tashar Ƙungiyar Mars da ke hamadar Utah tana karɓar tawagogi na mako biyu-biyu tun farkon shekarun 2000, kuma tawagogin ne ke biyan kuɗin zamansu. Ƙungiyar sararin samaniya ta Ostiriya ta kai gwaje-gwajenta Maroko a 2013, da Oman a 2018, da Isra'ila a 2021, da Armeniya a 2024, da riga mai nauyin kusan kilo 45 da jinkirin saƙo na minti 10. Irin waɗannan suna da amfani wajen gwada kayan aiki, da tsarin tattara duwatsu da safar hannu mai kauri, da horar da ɗalibai, amma mako biyu bai isa a ce an koyi wani abu game da kaɗaicin shekara uku ba, kuma akwai wuraren da abin da mahalarta ke fitowa da shi hoto ne da laƙabi kawai. Ma'aunin da nake amfani da shi mai sauƙi ne: shin akwai tambaya guda da aka tsara zaman don amsa ta, shin kwamitin ɗa'a ya amince, kuma shin an wallafa sakamakon inda wasu masana za su iya suka? Ya kamata kuma mai sha'awa ya sani cewa wannan ba ƙofar shiga aikin ɗan sama jannati ba ce. Sian Proctor, wadda ke cikin tawagar farko ta HI-SEAS a 2013, ta je sararin samaniya a Satumban 2021, Sara Sabry 'yar Masar kuma ta je a Agustan 2022 bayan zaman kwaikwayo a Poland, amma dukkansu a kumbunan kamfanoni masu zaman kansu suka tafi, kuma mafi yawan takwarorinsu sun koma ɗakunan bincikensu da asibitocinsu.

Babbar matsalar da ta rage ko a gwaje-gwaje masu inganci ita ce ƙarancin adadi. Mutum shida a Mars-500, dukkansu maza, ba su isa a gina doka a kansu ba, kuma a nazarin haɗin kai tawaga guda tamkar misali ɗaya ce tak, komai yawan mutanen cikinta. Hanyar da ake bi ita ce maimaitawa da ma'auni iri ɗaya. Gidan HERA da ke Cibiyar Johnson, mai murabba'in mita 60, yana ɗaukar mutum huɗu na kwana 45, kuma ana jera tawagogi da dama a ƙarƙashin sharaɗi guda, kamar lokacin da aka taƙaita barcinsu zuwa awa biyar a daren ranakun aiki, domin a samu adadin da lissafi zai yi aiki a kansa. Shirin da ka gani a labarai shi ma an tsara shi ne a yi sau uku a gida ɗaya. Tawaga ta biyu ta shiga a Oktoban 2025, kuma idan an kammala na ukun za a samu bayanan mutum 12 da za a kwatanta da juna da kuma na 'yan sama jannatin da ke tashar sararin samaniya.